Mu Sa Wa Kwamfutar Ƙungiya Kwado Tun Kafin Ta Faɗa Hannun Wani

Jawabin da aka gabatar a madadin shugabannin ƙungiya a taron makiyaya da fataken shanu a Gbalahi, kusa da Tamale.



Sarakunan Fulani da ardo-ardo, iyayenmu dattawa maza da mata, fatake da dillalan kara, magatakardan rassa da ma'ajinsu, da ku samari masu bin garke, muna yi muku barka da zuwa. Muna kuma miƙa godiya ga masu masaukinmu, mutanen Gbalahi, waɗanda suka ba mu wuri da inuwa. Mun san akwai waɗanda suka baro ruga tun da asuba daga wajen Savelugu da Yendi da Gushegu, domin haka ba za mu ja zance fiye da kima ba.

An saba in mun taru maganar burtali da mashaya da diyyar ɓarna ake yi. Yau shugabanni sun ɗora mana wata magana dabam, watau maganar na'urar nan mai ƙwaƙwalwa, kwamfuta, wadda magatakarda ke rataye da ita a jaka, da yadda za mu sa mata kwado. Wani zai ce ina ruwan makiyayi da kwamfuta? Amsa ita ce, ko mutum bai taɓa ɗora hannu a kanta ba, sunansa yana ciki.

ABIN DA KE CIKIN JAKAR MAGATAKARDA

A da, duk rubutun ƙungiya yana cikin babban littafi guda, ana kulle shi a akwatin ƙarfe, mabuɗi yana aljihun mutum ɗaya. Yanzu duk ya koma cikin kwamfuta da ɗan filash wanda bai kai tsawon yatsa ba. A ciki akwai sunayenku da lambobin wayarku, da hotunan katin shaidar zama ɗan ƙasa, watau Ghana Card. Akwai sunan ƙauyen da kowace ruga take kusa da shi, da yawan shanun da aka rubuta wa kowa lokacin allurar rigakafi. Akwai takardun yarjejeniya tsakaninmu da masu ƙasa, da hotunan dabbobin da aka sare, da sunayen waɗanda suka yarda su ba da shaida. Ku kuma fatake, a nan kuke rubuta bashin da kuke bin mahautan Kumasi da na kasuwar Tulaku ta Ashaiman, da ranar da mota za ta tashi, da abin da za a dawo da shi.

Kowa ya sani Bafulatani ba ya faɗa wa ko maƙwabcinsa yawan shanunsa. Amma kun faɗa wa ƙungiya, saboda kun amince da ita. Wannan amana ce a wuyanmu.

Kuma mun san irin ƙasar da muke takawa. A watan Disamba na 2011 an kashe Fulani 13 a Zamashegu cikin yankin Gushegu. A watan Afrilu na 2022 an kai hari a Zakoli kusa da Yendi, aka yi asarar rayuka da dukiya. Ba mu ce kwamfuta ce ta jawo waɗannan ba. Abin da muke cewa shi ne, a wurin da irin haka ta taɓa faruwa, takardar da ke nuna wane yana ruga kaza da shanu kaza ba abin da za a bari ta yi yawo ba ce. In ta shiga hannun ɓarawon shanu ko mai satar mutane don kuɗin fansa, to an ba shi ɗan jagora kyauta.

BOLA BA TA RUFA ASIRI

Ba sai mun yi nisa wajen neman misali ba. A nan Gbalahi babbar bolar Tamale take, kuna ganin motocin shara suna shiga, kuna ganin masu tsince-tsince suna neman ƙarfe da waya. Kwamfutar da ta mutu, ko dai ta ƙare a irin wannan wuri, ko a hannun 'yan jari-bola, ko a ƙarƙashin teburin mai gyara. Mai ita yana ganin ta mutu da abin da ke cikinta, alhali kuwa sau da yawa faifan ajiyar da ke cikinta lafiyarsa ƙalau.

A 2009 waɗansu ɗaliban aikin jarida daga Jami'ar British Columbia ta ƙasar Kanada sun zo Gana don bin sawun tsofaffin kayan lantarkin da ake jibge mana daga Turai da Amurka, irin waɗanda ake fasawa a Agbogbloshie ta Ankara kafin a rushe wurin a 2021. Suka sayi tsofaffin faya-fayan kwamfuta a kasuwa. Ɗaya daga ciki, wanda suka biya dala 40, sai ga shi ɗauke da takardun kwangila na Northrop Grumman, wani babban kamfanin da ke yi wa gwamnatin Amurka aikin tsaro. Faifan ba a kulle yake ba, haɗa shi kawai aka yi da wata kwamfuta aka karanta. To in haka ta sami irin wannan kamfani, ina ga ƙungiyar makiyaya?

Akwai abu biyu da ke ruɗin mutane. Na ɗaya, kalmar sirrin da ake bugawa in an kunna Windows. A kwamfutar da ba a kulle faifanta ba, wannan kamar ƙyauren zana ne. Mai sukundireba zai kwance faifan, ya haɗa shi da tasa kwamfutar, ya ga kome ba tare da an tambaye shi kalma ba. Na biyu, gogewa. In ka goge takarda, yawanci sunanta kawai aka cire daga jeri, kamar a goge sunan saniya a littafi ita kuwa tana nan tsaye a garke. Akwai manhajoji na kyauta masu dawo da abin da aka goge.

MENE NE KULLE FAIFAI?

Kulle faifai shi ne a sa wata manhaja ta dagula duk rubutun da ke kansa ta hanyar lissafi, ya zama shirme marar kai da gindi. In mai shi ya buga kalmar sirri, sai rubutun ya warware ya yi aikinsa. In ya rufe, ya koma shirme. Ko an cire faifan an kai shi wata kwamfuta, shirmen za a gani. Lissafin da aka fi amfani da shi ana kiransa AES. Waɗansu masana biyu 'yan ƙasar Beljiyam, Joan Daemen da Vincent Rijmen, su suka ƙirƙiro shi, gwamnatin Amurka ta amince da shi a 2001, kuma bankuna da gwamnatoci da shi suke aiki.

Manhajar da muke ba rassa shawara a kanta sunanta VeraCrypt. Kyauta ce, ba a biyan ko sidi ɗaya, tana aiki a Windows da Mac da Linux. Kuma mai buɗaɗɗen tushe ce, watau masu ita sun baje yadda suka gina ta a fili, duk masanin da ya ga dama ya duba. Ku fatake kun fi kowa gane amfanin wannan. Ba a cinikin biri a sama. Saniyar da aka kawo tsakiyar kara, kowa ya buɗe bakinta ya ga haƙora, ya tattaɓa ta, ta fi wadda aka ce tana bayan katanga ka biya kawai.

Asalinta wata manhaja ce mai suna TrueCrypt wadda ta fito a 2004. A watan Mayu na 2014 masu ita, waɗanda ba su taɓa bayyana sunayensu ba, suka sanar sun daina kula da ita. Da yake tushenta a buɗe yake, aikin bai mutu ba. Tun a 2013 wani masani mai suna Mounir Idrassi ya riga ya ɗauki tushen ya fitar da VeraCrypt. A 2016 wani kamfanin Faransa mai suna Quarkslab ya bincike ta, ya gano kurakurai, aka buga su a fili, aka gyara manya daga ciki. A 2020 hukumar tsaron bayanai ta gwamnatin Jamus ta sa an sake bincikenta. Saboda haka kada kowa ya sa muku tsohuwar TrueCrypt, an bar ta.

YADDA AKE SA TA DA YADDA AKE AIKI DA ITA

Magatakardan rassa, ku buɗe kunne a nan. Hanya mafi sauƙi ita ce a yi akwati mai kwado a cikin kwamfuta.

Na ɗaya, a sauko da manhajar daga wurin masu ita kai tsaye ta intanet. Kada a karɓa daga filash ɗin wani ko ta WhatsApp, domin ana iya cusa mata mugun abu a hanya. A sa ta kamar yadda ake sa kowace manhaja.

Na biyu, a buɗe ta a danna inda aka rubuta Create Volume, a zaɓi na farko, watau yin akwati a matsayin fayil guda. A ba shi suna da wurin zama. A bar lissafin a kan AES kamar yadda ya zo.

Na uku, a faɗi girman akwatin. Gigabait 5 zai ɗauki takardun reshe da hotuna masu yawa.

Na huɗu, a sa kalmar sirri sau biyu. In ba ta kai haruffa 20 ba, manhajar da kanta za ta yi gargaɗi.

Na biyar, za ta ce a yi ta jujjuya linzamin kwamfuta barkatai a cikin tagarta. Ba wasa ba ne, da wannan motsin take ƙarfafa mabuɗin. A yi har layin ƙasa ya cika, sannan a danna Format. Akwati ya samu.

In za a yi aiki, a danna Select File a nuna akwatin, a zaɓi harafi ɗaya daga jeri, a danna Mount, a buga kalmar sirri. Sai ya bayyana kamar an soka filash, a zuba takardu a ciki, a yi rubutu a ciki. In an gama a danna Dismount, a sababbin fitowa kuwa an rubuta Unmount. Wanda ya tashi bai rufe ba, daidai yake da wanda ya sayi kwado ya bar shi a rataye a buɗe.

Haka kuma ana kulle filash gaba ɗaya. Amma a kwashe abin da ke kansa tukuna, domin hanyar da aka fi bi tana share kome. Sannan ga wani tarko: in ka soka kullallen filash, Windows ba ta gane shi, sai ta tambaya ko a wanke shi. Kada ka yarda. Ka ce a'a, ka buɗe shi ta cikin VeraCrypt. In ka yarda, ka jawo wa kanka asara.

Akwatin nan yana da iyaka. Takardun da suka daɗe a kwamfutar kafin a yi shi, ko an kwashe su an goge na waje, sawunsu yana iya kasancewa a faifai. Domin haka kwamfutar babban ofis gara a kulle ta ɗungurungum, yadda tun kafin Windows ta tashi sai an buga kalmar sirri. VeraCrypt tana yin wannan a Windows kaɗai, kuma aiki ne da za a yi tare da wanda ya iya. A fara kwafe kome a wani wuri. Manhajar za ta sa a yi abin ceto a kan filash, wanda ake tayar da kwamfutar da shi in farkonta ya lalace, a adana shi, amma a sani shi ma ba ya buɗewa sai da kalmar sirri. Za ta yi gwaji ta sake kunna kwamfutar kafin ta fara. Aikin yana iya cin awoyi, saboda haka a cika batir a bar caja a jone, kun dai san halin wutarmu.

Waɗansu sababbin kwamfutoci masu Windows 11 suna zuwa da kwadon kamfanin Microsoft mai suna BitLocker a kunne. Shi tushensa a rufe yake, amma kwado ne, in an same shi a kunne kada a ɗora wani a kansa, a dai nemi mabuɗin cetonsa a adana. Yawancin namu kuwa na gwanjo ne, sai an duba. Masu Linux suna da nasu mai buɗaɗɗen tushe, LUKS, wanda ake zaɓa tun lokacin da ake sa Linux ɗin.

KALMAR SIRRI ITA CE KOME

Ƙarfin kwadon nan ba a shakkarsa. A 2008 'yan sandan Burazil sun kama faya-fayan wani mai banki waɗanda aka kulle, har da TrueCrypt a cikin abin da aka yi amfani da shi. Masanansu suka kasa, aka aika wa hukumar FBI ta Amurka, ita ma ta yi shekara guda tana gwadawa ba ta buɗe ba, kamar yadda jaridu suka ba da labari a 2010. Darasi biyu ke nan. Ɓarawo ba zai fasa ba in kalmar mai ƙarfi ce. Kai ma ba za ka fasa ba in ka manta. Babu ofishin da za ka je a buɗe maka, babu mai gyara a kasuwar Aboabo da zai iya, ko wanda ya gina manhajar ba shi da mabuɗi na biyu.

Ɓarawo ba ya faɗa da kwado, kalma yake cinka. Lamba huɗu irin ta kuɗin waya, hanyoyin jera ta 10,000 ne kacal, kwamfuta za ta gwada su duka ta gama. Kada a sa lambar waya, ko shekarar haihuwa, ko sunan ɗa, ko sunan bijimin da kowa ya san kana ji da shi, ko sunan ƙungiya. Mu Allah ya hore mana harsuna. A ɗauko kalmomi shida ko bakwai waɗanda ba su da dangantaka da juna, waɗansu na Fulatanci, waɗansu na Hausa, waɗansu na Dagbanci, a jera su, a haddace. Kada ya zama karin magana ko wani abin da aka saba ji. A guji haruffa masu lanƙwasa, domin a wurin tayar da kwamfuta ba za a same su ba.

Sannan rai ba a hannunmu yake ba. In magatakarda shi kaɗai ya san kalmar, ranar da ya faɗi ciwo ko ya rasu, tarihin reshe ya tafi da shi. Shawararmu ita ce a rubuta ta a takarda, a liƙe a ambulan, a ba dattijo ɗaya da jama'a suka yarda da shi, kada ta kwana a jaka ɗaya da kwamfutar. In aka canja magatakarda, a yi sabon akwati da sabuwar kalma a kwashe kaya zuwa ciki. Kuma kowane wata a kwafi akwatin yana rufe a kan filash, a ajiye a wani gida dabam. Kwado yana hana ɓarawo karantawa, amma ba ya dawo da kwamfutar da aka sace ko wadda ruwa ya ci.

ABIN DA KWADO BA YA YI

Kada mu ɗauka mun gama da kowace matsala. In akwatin yana buɗe, duk wanda ya zauna gaban kwamfutar zai gani. In ƙwayar cutar kwamfuta ta shiga, tana iya satar kalmar lokacin da ake buga ta, saboda haka a daina ba yara kwamfutar ƙungiya suna zuba fina-finai da wasanni. In ka tura jerin sunaye a zauren WhatsApp mai mutum ɗari, ka fitar da shi daga akwati da hannunka. In za a kai kwamfuta gyara, a rufe akwatin, kada a ba mai gyara kalmar.

Waya kuwa, masu VeraCrypt ba su yi ta don waya ba. Amma wayoyin da suka fito da Android 10 na 2019 zuwa sama, da wayoyin iPhone, suna da nasu kullin a ciki, wanda ƙarfinsa ya rataya a kan lambar da ka sa wa fuskar wayar. Wayar da ba ta da lamba a buɗe take. A sa aƙalla lamba shida, kada ta zama ɗaya da ta kuɗin waya.

Daɗin daɗawa, kada wani ya fita daga nan ya ce ƙungiya tana koya wa mutane ɓoye laifi. Ba mu da abin ɓoyewa ga shari'a. In kotu ta nemi takarda ta hanyar da doka ta tsara, shugabanni za su zauna da lauya a ba da abin da ya wajaba. Hasali ma doka ce ta ɗora mana wannan aiki. Dokar Kare Bayanai ta Gana ta 2012, mai lamba 843, ta wajabta wa duk mai riƙe da bayanan mutane ya ɗauki matakin tsare su, in kuma suka faɗa hannun da bai dace ba ya sanar da Hukumar Kare Bayanai da mutanen da abin ya shafa. Wanda kuma aka damfara ko aka yi wa kutse ta waya ko kwamfuta, yana iya kiran lamba 292 ta Hukumar Tsaron Intanet, wadda dokar 2020 mai lamba 1038 ta kafa.

ABIN DA MUKE ROƘO

Jama'a, ba a fafe gora ranar tafiya. Ga abin da muke roƙon kowane reshe kafin a fara tashi neman ruwa da ciyawa na rani. Magatakarda ya zo da kwamfutarsa da filash biyu a sa masa manhajar a gabansa, ya buɗe ya rufe da hannunsa har sau uku kafin ya tafi. Reshe ya zaɓi dattijon da zai riƙe ambulan. A rage tara abin da ba a bukata, hoton katin mutum in an gama aikin da aka karɓe shi dominsa kada a ci gaba da riƙe shi. Tsohuwar kwamfuta kuwa, kada a sayar ko a jefar sai an cire faifanta an farfasa shi da guduma. Ku fatake masu ajiye lissafi a kwamfuta, ƙofa a buɗe take, ku zo a yi muku tare, ba a karɓar kome.

Ku kuma iyayenmu da 'yan'uwa da kuka ba da sunayenku, kuna da ikon tambayar magatakardanku ko ya kulle. Ku tambaye shi a gaban jama'a, ba rashin kunya ba ne, haƙƙinku ne.

 Wanda yake da tambaya ya ɗaga hannu, za mu fara da dattawa. Allah ya kiyaye mu da dukiyarmu, ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu manoma, ya mai da kowa gida lafiya.